Kallon kokowar kaka a ƙauyukan Damagaram

Ni Bakatsine ne, aiki ya zaunar da ni Zinder. Bana bayan an gama yankan gero na je kokowar wani ƙauye a gefen Mirriya, garin da ke kamar kilomita 18 gabas da Zinder. Irin waɗannan filayen ne ke tono 'yan kokowar da ake kai wa gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975.

Abu na farko, ka samu ɗan gari ya kai ka. Ba a buga sanarwar ranar wasa, baki da baki take yawo, musamman a kasuwar Mirriya ta Lahadi. Mai masaukina ya fara kai ni gaisuwa wajen mai gari, na riƙa goro ƙwarya ɗaya. Wannan gaisuwar ce ta sama mini tabarma kusa da makaɗa. Baƙon da ya faɗo kai tsaye a bayan taro yake ƙarewa, sai ƙeyar mutane yake kallo. Ka riƙe takardunka, akwai jandarmomi a hanya. Mai kabu-kabu kuma ku daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun a gari, don bayan magariba abin hawa wuya yake.

Ana farawa bayan la'asar. Yara ne ke buɗe fili, sai samari, manya kuwa sai rana ta yi sanyi. Ɗan kokowa zai fito da warki, layu a damtse da ƙugu, ya tsaya gaban makaɗi ya yi kirari, sannan ya duƙa ya shafi ƙasa. A nan baƙi ke yin kuskure: kada ka ratsa da'irar fili, kada ka tsallake kayan ɗan kokowa, kada ka taɓa layarsa ko da son gani ne. Idan aka ka da shi, kai za a ɗora wa. Hoto ma sai ka nemi izini. Ka tambayi alƙalin wasa abin da suke ɗauka kaye, domin baya ko ɗuwawu a ƙasa ba gardama, amma a kan gwiwa da hannu ake yawan samun saɓani.

Ka canja kuɗi ƙanana tun daga Zinder, babu canji a ƙauye. Da dala ake lissafi: dala ashirin sefa 100 ke nan, jika kuma sefa 1000. Maroƙi na jin daga Najeriya ka zo zai kama sunanka, kuma bai kamata a yi maka kirari ka yi shiru ba. Jika biyu a warwatse ta ishe ni kari ga makaɗa da wanda ya yi kaye mai kyau.

Ƙurar hunturu da ta ƙafafu tana shaƙe maƙogwaro, sai ka zauna ta inda iska ke fitowa, da rawani da ruwanka. Ka taho da rigar sanyi, don rana na faɗuwa ɗari ke saukowa.