Judi Dench: Minti Takwas a Fim, Shekara Arba'in a Dandamali

Ranar da aka miƙa wa Judi Dench kyautar Oscar a watan Maris na 1999, ta ce tunda minti takwas kacal ta yi a fim ɗin, ɗan gutsure ya kamata a yanko mata daga mutum-mutumin. Fim ɗin shi ne Shakespeare in Love, inda ta fito a Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Shekararta 64 a lokacin. Mutanen Amurka suna yi mata kallon sabuwar fuska, mu ma da yawanmu a finafinan James Bond muka santa, dattijuwar nan mai gajeren gashi da ke ba 007 umarni. Alhali kuwa ta haura shekara arba'in tana hawa dandamali kafin wannan dare, kuma abin da ya ba minti takwas ɗin nauyi a can ta koyo shi.

An haife ta ranar 9 ga Disamba 1934 a York, arewacin Ingila. Mahaifinta likita ne, shi ke duba 'yan wasan babban gidan wasan kwaikwayo na garin, mahaifiyarta kuma, wadda ta tashi a Dublin, tana ɗinka kayan wasa. Don haka gidansu bai rabu da 'yan wasa ba. Ta yi makarantar 'yan mata ta ɗarikar Quaker, Kiristocin da ibadarsu zama shiru ne, ta kuma riƙe ɗarikar har tsufa. Da fari ba wasa take so ba, tsara dandamali take so. A 1953 ta je Stratford, garin Shakespeare, ta kalli King Lear, ta ga yadda aka yi komai da kayan da ba su taka kara sun karya ba, ba tare da an sauke labule ana ta sauya kaya ba, sai ta yanke cewa basirarta ba ta kai nan ba. Ta bi sawun yayanta Jeffery zuwa makarantar Central a Landan, aji ɗaya da Vanessa Redgrave.

Fitowarta ta farko ba ta yi daɗi ba. A watan Satumba na 1957, tana shekara 22, kamfanin Old Vic ya ɗauko ta daga makaranta kai tsaye ya ba ta Ophelia a Hamlet. Masu sharhi a jaridun Landan suka yi mata ca, cewa ina dalilin ɗora wa ɗanyar yarinya kaya irin wannan. Da kamfanin zai tafi rangadi Amurka sai aka karɓe rawar aka ba wata. Amma shugaban kamfanin, Michael Benthall, bai sallame ta ba. Ya bar ta tana yin ƙananan rawa, kuma a ganina wannan ne alheri mafi girma da aka taɓa yi mata a sana'a.

Dalili kuwa shi ne yadda irin waɗannan kamfanoni ke aiki. Ba wasa ɗaya ake yi ba har a gaji. Wasanni uku ko huɗu ne ke juyawa a mako: da rana a yi bitar wanda za a buɗe wata mai zuwa, da dare a yi wa 'yan kallo wani daban. Wadda ta fito gimbiya ranar Litinin tana iya zama baiwa mai riƙe da tire ranar Laraba, ba ta da ko kalma biyar. Dench takan tsaya a gefen dandamali, bayan labule, tana kallon manya dare bayan dare, tana lura da inda wane yake jan numfashi da inda 'yan kallo suka fara tari, domin tari a zauren wasa alama ce cewa hankali ya fara tafiya. Shekara huɗu ta yi a haka. A 1960 Franco Zeffirelli ya ba ta Juliet, a ƙarshen 1961 ta koma kamfanin Royal Shakespeare.

A 1963 ta zo Afirka ta Yamma da kamfanin Nottingham Playhouse, a rangadin da British Council ta ɗauki nauyi, suka yi wasa a Najeriya da Ghana da Saliyo. A nan ta fara yin Lady Macbeth. Ta sha ba da labarin yadda 'yan kallo ba sa zama tsit irin na Landan: in suka ji amsa-amo a magana sai su kwashe da dariya, har wani ya ɗaga murya ya ce a maimaita wurin. Duk wanda ya taɓa zama gaban mawaƙi a nan ba zai yi mamaki ba.

Ba ta da abin da ake nema a jarumar wancan zamani. Tsayinta ƙafa biyar da inci ɗaya, muryarta kuma dishi-dishi take kamar ta mai mura, har an taɓa liƙa sanarwa a wani gidan wasa cewa lafiyarta ƙalau, haka muryarta take. Wani mai shirya fim ya gwada ta a shekarun 1960 ya ce mata ta manta da fim, babu abin da ya zauna daidai a fuskarta. Har yau ba ta faɗi sunansa ba. Muryar nan da ake ganin aibi ce ita ta sa Hal Prince ya ba ta Sally Bowles a Cabaret a 1968, domin labarin mawaƙiya ce da ba ta kai yadda take ɗaukar kanta ba.

Inda ta fi kowa shi ne faɗin baitocin Shakespeare, kuma wannan aiki ne mai ƙa'ida, ba baiwa kaɗai ba. Yawancin maganganun da ke wasanninsa waƙa ce marar amsa-amo. Kowane ɗango gaɓa goma ne, bugu biyar, mai sauƙi sannan mai nauyi, kamar bugun zuciya. Wanda ya san kari a rubutacciyar waƙar Hausa ya san cewa in gaɓa ɗaya ta yi yawa kunne zai ji. To Shakespeare da gangan yake karya karin a wasu wurare, kuma nan ne yake nuna wa ɗan wasa cewa hankalin mai maganar ya tashi. Ƙa'idojin da darakta Peter Hall ya nace a kansu, waɗanda Dench ta ɗauka, ba su da yawa. A ja numfashi a ƙarshen ɗango, ba a tsakiya ba. In ɗango ya cika da kalmomi masu gaɓa ɗaya, a rage gudu. In an raba ɗango ɗaya tsakanin mutum biyu, na biyun ya cafe nan take, kada ya bar rami. In ɗango ya gaza gaɓa goma, shirun da ya rage na marubuci ne, a bar shi ya yi aikinsa.

Kuskure biyu ake yi. Wani ya bi karin har ya koma rerawa, 'yan kallo su ji daɗin sauti amma ba su san me aka ce ba. Wani kuma, don a ce yana magana kamar ta yau da kullum, ya daddatsa ɗangon yana tsayawa inda ya ga dama, numfashi ya ƙare masa kafin ya kai kalmar da ke ɗauke da ma'ana, wadda sau da yawa ita ce ta ƙarshe. Dench takan riƙe karin a ƙasa kamar kiɗan da ba a ji sosai, a sama kuma ka rantse yanzu tunanin ya faɗo mata.

Macbeth na 1976 shi ne zakaran gwajin dafi. Trevor Nunn ya shirya shi a The Other Place, wata rumfar kwano a Stratford da ba ta cin mutum ɗari biyu. Babu fada, babu dawaki. An zana da'ira a ƙasa, 'yan wasa suna zaune a kan akwatunan katako a bakinta, wanda lokacinsa ya yi ya shiga ciki, ya gama ya koma ya zauna. Ba a ba da hutu a tsakiya. Ian McKellen ne Macbeth. Dench ta fito cikin baƙar riga, ta ɗaure kanta tamau da baƙin ɗankwali. Ba ta yi matar a matsayin muguwa tun asali ba. Ta yi ta a matsayin mace mai son mijinta, wadda ta kira aljanu don ita kanta ta san ba za ta iya ba, har ma ta firgita da abin da ta kira. A fitowar da take tafiya cikin barci da kyandir a hannu, tana ƙoƙarin wanke jinin da babu shi, rubutun ya ba ta ɗan nishi sau uku. Ita sai ta haɗe su wuri ɗaya: bakinta ya buɗe babu sauti, sannan wata ƙara siririya ta fito tana ƙaruwa har ta cika ɗakin. An ɗauki wasan don talabijin, ana iya ganinsa har yanzu.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1981 tana cikin bitar Cats agararta ta tsinke, dole ta janye, Elaine Paige ta gaje ta. A shekarar ta fara A Fine Romance a talabijin tare da mijinta Michael Williams, wanda ta aura a 1971, suka haifi 'ya ɗaya, Finty. Wasan barkwanci na talabijin, wannan da As Time Goes By da aka fara a 1992, su suka shigar da ita ɗakunan mutanen Birtaniya da ba su taɓa taka gidan wasa ba.

Da Peter Hall ya ce ta yi Cleopatra a 1987 tare da Anthony Hopkins, ita da kanta ta yi wa kanta ba'a, wai gajeriyar mace mai shekara 52 ce za ta zama sarauniyar Masar. Shawarar da ya ba ta ta fi ƙarfin wannan wasa ɗaya: kada ki nemi nuna halin matar gaba ɗaya a kowace fitowa. Nan kishi, can wasa, gaba sarauta, 'yan kallo su za su haɗa. Ta ci kyautar Olivier, babbar kyautar wasan dandamali ta Birtaniya, da shi, shekara ta gaba aka ba ta sarautar Dame. Kyautar Olivier ɗin nan sau takwas ta karɓa, biyu a dare ɗaya a 1996.

Fim wani abu ne daban, kuma ƙwararrun dandamali da yawa sun faɗi a nan. A babban zauren National Theatre mutum fiye da dubu ne, sai ka tura murya da motsi har kujerar ƙarshe. Kyamara kuwa tana iya matsowa har ta cika allo da idonka, abin da ya yi daidai a zaure sai ya zama ihu. Ga shi ba a bin labari a jere, ana iya ɗaukar mutuwarka kafin aurenka. Babu 'yan kallo da za su nuna maka ka yi yawa, kuma in an gama an gama, babu gobe da dare da za ka gyara. Wannan na ƙarshen shi ya sa Dench ta daɗe tana cewa ta fi son dandamali, ba ta ma son kallon kanta a allo. Abin da ta yi shi ne ragewa. Tunanin yana nan cikakke, amma jiki ya tsaya cik.

Dubi GoldenEye na 1995. Bayan an naɗa Stella Rimington shugabar hukumar leƙen asiri ta MI5 a 1992, masu James Bond suka mai da M, mai ba 007 umarni, mace. Fitowarta da Pierce Brosnan a ofis take, a zaune, da kofin giya a hannu, ta gaya masa a fuska cewa shi tsohon yayi ne mai raina mata, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta riƙe rawar a finafinai bakwai har zuwa Skyfall a 2012. Mrs Brown na 1997, inda ta yi Sarauniya Victoria cikin takaba, don talabijin aka shirya shi, kamfanin Miramax ya saya ya kai silima, ya jawo mata shiga takarar Oscar karo na farko. Daraktansa John Madden shi ya kira ta ta yi minti takwas ɗin nan na Shakespeare in Love. A ƙarshensu sarauniya ta iso bakin wani kududdufi, ta ɗan dakata ko fadawa za su shimfiɗa mata alkyabba. Suka tsaya inda-inda. Ta taka ruwan ta wuce tana cewa sun makara. Wanda bai san tsawon da shiru ke iya yi kafin ya mutu ba, ba zai iya wannan dakatawar ba. Ta sake komawa Victoria a 2017, a labarin sarauniyar da hadiminta Musulmi ɗan Indiya, Abdul Karim, wanda ya koya mata Urdu.

Wani hali nata da ba zan ba ƙaramin ɗan wasa shawarar ya kwaikwaya ba: ba ta cika karanta wasa kafin ta amsa ba. Mijinta ke karantawa ya ba ta labarin. Ya rasu a Janairun 2001 da ciwon dajin huhu, ita kuma ta dulmuya cikin aiki, a shekarar ta fito a Iris. Ba duk zaɓinta ya yi kyau ba. Fim ɗin Cats na 2019, wanda ya kamata ya rama mata abin da ya kuɓuce a 1981, ya sha suka ta ko'ina.

A 2012 ta bayyana cewa tana da ciwon ido na tsufa, wanda ke cinye tsakiyar gani ya bar gefe-gefe. Ga mai haddar da ta dogara da hoton shafi, wadda ke tuna cewa maganar kaza tana saman shafin dama, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Da fari aka riƙa buga mata rubutu da manyan baƙaƙe. Da hakan ya gaza sai ta koma kunne: wani ya zauna ya yi ta maimaita mata har ya zauna, kamar yadda ake biya wa yaro karatu. A wurin ɗaukar fim abokan aiki ke riƙe hannunta su nuna mata inda za ta tsaya. A haka ta yi Paulina a The Winter's Tale a 2015, wasan da ta yi uwa da 'ya a cikinsa a dare ɗaya tun 1969.

Takararta ta Oscar ta takwas ta zo ne tana shekara 87, da Belfast na Kenneth Branagh, fim marar kala. Ita ce kaka. Ɗanta da iyalinsa za su bar garin saboda rikici, tana tsaye a ƙofar gida tana kallon motar da za ta ɗauke su. Kyamara ta matso har fuskar ta cika allo, da duk tamojinta, ta ce su tafi kada su waiwayo, a hankali yadda ba za su ji ba. Sannan ta shiga ta rufe ƙofa, ta jingina goshinta da gilashin.