Laifin Daji matar sarki, ko laifin mai alƙalami?

Jama'a, kwanakin nan ina ta karatun tarihin tsohuwar ƙasar Sin, kuma akwai sarki guda da ya tsaya mini a rai, Di Xin, sarkin ƙarshe na daular Shang. Wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Sarki Wu na gidan Zhou ya haɗu da shi a filin Muye, anka gwabza, sojojin Di Xin sunka juya mishi baya, shi ko ya koma fada ya cinna ma kanshi wuta.

Toh sai ka ji abin da anka rubuta kanshi. Wai ya gina tafki cike da giya, ya rataye nama ga itace, mutum ya sha nan ya yagi nama can. Wai yana sa a shafa ma ginshiƙin tagulla mai, a aza bisa garwashi, a ce ma mai laifi taka ka wuce. Wai baffanshi Bi Gan ya yi mishi nasiha sai ya sa anka tsaga ƙirjinshi don a ga ko gaske ne zuciyar mai hikima ƙofa bakwai gare ta. Kuma duk wanga aiki an ce don ya faranta ran matarshi Daji ne, wadda daga baya masu tatsuniya sunka maishe ta aljanar dila baki ɗai.

Ni inda na fara tantama shi ne, sarkin ƙarshe na daular Xia wadda ta gabaci Shang, Jie, shi ma haka anka ce: tafkin giya, da mata guda mai suna Mo Xi da ta ɓata shi. Haba! Kowane sarki ya tashi faɗuwa sai ya gina tafki, sai mace ta ja shi? Sima Qian, masanin tarihin Sin da ya tattara labarun nan, sama da shekara 900 tsakaninshi da yaƙin, kuma gidan Zhou suna da buƙatar hujjar kifar da Shang, su sunka zo da zancen cewa Sama ke ba da mulki ta kuma karɓe shi hannun azzalumi. Har Zigong, almajirin Konfushiyas babban malamin hikima na Sin, ya ce muguntar Di Xin ba ta kai yadda ake faɗi ba.

Mu nan Sakkwato mun san wanga abu ai, yawancin abin da munka sani kan Sarkin Gobir Yunfa daga alƙalamin waɗanda sunka ci Alkalawa a 1808 ya fito. Ba wai ina wanke kowa ba ne fa.

A 1976 an tono wata tukunyar tagulla a Lintong can ƙasar Sin, ana ce mata Li gui, ta zamanin yaƙin Muye kanshi. Rubutun cikinta gajere ne, ya ce Wu ya afka ma Shang da safe, cikin yini guda anka gama. Babu tafki, babu Daji.