Yadda na shirya fayiloli da kayan harhaɗa taswirar Quake

Quake, wasan kwamfuta da kamfanin id Software ya fitar a 1996, shi na zaɓa domin koyon gina taswira, wato filin da ɗan wasa ke yawo a cikinsa, saboda tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarsa ba tare da ta yi zafi ba, kuma kayan aikinsa ba sa cin data. Na sauke TrenchBroom domin zane, da ericw-tools domin harhaɗawa, wato mayar da zanen ya zama fayil ɗin da wasan zai iya ɗauka, da QuakeSpasm domin gwaji, sannan na zuba pak0.pak da pak1.pak, fayilolin da ke ɗauke da kayan wasan da na saya, a foldar id1, inda wasan ke ajiye kayansa na asali.

Tsara folda ya fi zanen cin lokacina. Na buɗe wa aikina folda tasa a gefen id1, da wata ƙarama mai suna maps a cikinta, domin nan injin wasan yake neman fayil ɗin bsp, wato taswirar da aka gama harhaɗawa, idan aka tashe shi da umarnin -game. Fayilolin map kuwa, waɗanda su ne asalin aikin kuma rubutu ne zalla, na ware su daban tare da fayilolin wad masu ɗauke da hotunan bango. Hanyar zuwa wad tana rubuce a cikin taswirar, shi ya sa na rubuta ta daga inda aikin yake maimakon daga tushen kwamfutar. Da na kai aikin shagon wani abokina a Ƙofar Ƙaura, ya buɗe lafiya lau.

Kayan harhaɗawar uku ne, kuma dole qbsp ya fara: qbsp ya gina, vis ya lissafa abin da ake hangowa daga kowane lungu, light ya zuba haske da inuwa. Idan akwai 'yar kafa tsakanin bango da rufi, qbsp zai ce taswirar tana yoyo, ya ƙi fitar da fayil ɗin prt mai bayanin mahaɗar sassan taswirar, shi kuma vis ba ya aiki sai da shi. A madadinsa yana barin fayil ɗin pts, wanda idan aka loda a TrenchBroom sai a ga zare ya ratsa ɗakuna har ya fita ta kafar, kamar sawun tururuwa zuwa buhun sukari.

A ganina, jerin umarni biyu sun wadatar. Na gwajin yau da kullum yana amfani da vis -fast, cikakken kuwa ina barinsa sai an kawo wuta batir ya cika, domin a taswira mai faɗin fili vis yakan daɗe yana lissafi.