Dubiya a Damagaram

Shekaranjiya na dawo daga Damagaram, dubiyar Kawu da ciwon ƙoda ya kwantar. Kano zuwa Daura ba abin faɗa. A kan iyaka ne wani mai kaki ya riƙe katina yana jujjuyawa kamar mai tuyar waina, sai da na ajiye jaka guda, sefa dubu ke nan, ya tuna ya iya karatu.

A Matameye aka cusa mana wani mai baƙar leda a mota. Da jin abin da ya kawo ni ya zaro 'yan fakiti: "Alhaji, sitem sel ne daga Turai. A zuba ƙarƙashin harshe, wata guda ƙoda ta koma sabuwa." Jaka talatin. Na taya goma, ya ce albarka, kafin in kau da kai ya sallama. Saurin nan ne ya mai da hannuna aljihu. A Kano ma akwai irinsu, amma namu sun fi ja.

Kawu na Birni, ba nisa da fadar Sarki. Ƙafafunsa sun kumbura, ka danna yatsa ramin ya tsaya. Ruwa ma da awo yake sha, a wannan zafin! Ranar wankin ƙoda awa huɗu yake kan na'ura.

Ɗansa mai karatun lokotoro, wato likita, ya sha dariya da na ba shi labari. "Yaya, ai gari ne kawai." Ya ce sitem sel na gaskiyar ƙwayoyin halitta ne masu rai, daga ɓargo ko kitse ko igiyar cibiyar jariri ake ciro su, a raine su, a sa ta jijiya, kuma a kan ƙoda har yau gwaji ake. Yawancinsu ba sa zama ƙoda, sinadarai suke saki su rage kumburi. Kowace ƙoda na da matatai kusan miliyan guda, wadda ta mutu ta zama tabo ba ta dawowa. A 2015 masana a Ostireliya sun raini 'yar mitsitsiyar ƙoda a ɗakin gwaji, amma ba ta kai a dasa wa mutum ba. Kawu na ji, ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Inna ta dama fura, ta hana ni ko taɓa aljihu kwana uku. Kilishin da na sayo a kasuwar Dole ya fi namu laushi da araha, sai dai a soro muka ci a ɓoye, don an hana Kawu gishiri.

Dawowa na yi barci har Daura.