Jirgin Ki-48 a Kan Teburina

Na sayi samfurin roba na jirgin yaƙin Japan, Kawasaki Ki-48, irin wanda ke zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali sai mutum ya liƙa da gam ya shafa fenti. Ma'auninsa ɗaya bisa 72 ne, don haka fukafukan da a zahiri suka haura mita 17 ba su wuce tsawon tafin hannu da ɗan ɗoriya ba. Kafin in taɓa gam sai da na karanta tarihinsa, domin in ban san amfanin abu ba, ba na iya ajiye shi daidai a mazauninsa.

Sojojin ƙasa na Japan sun nemi a ƙera shi a ƙarshen 1937, bayan sun ga jiragen Tupolev SB na Tarayyar Sobiyet a sararin samaniyar Sin, waɗanda saurinsu ya ba su mamaki. Injiniya Takeo Doi ya jagoranci zanen, jirgin ya fara tashi a 1939, ya shiga aiki a 1940.

Da na haɗa ɓangarori biyu na gangar jikin, sai na gane dabararsa. Gaba da ciki sun kumbura, baya kuma ya tsuke siriri kamar wutsiyar tarwaɗa. A cikin kumburin nan aka cusa mutum huɗu da bama-bamai, a ƙarƙashi kuma inda cikin ya yanke akwai gurbin ɗan bindiga mai kallon baya. Bindigogin uku ne kacal, masu milimita 7.7, sirara har sai da na ɗauke su da hantsaki. Nan na daɗe ina kallo. Ba sulke na kirki, tankin mai ba kariya, an dogara ne kan gudun kilomita 480 a awa.

A Sin dabarar ta yi aiki. Amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya kai Burma (Myanmar ta yanzu) da New Guinea, jiragen Amurka da Birtaniya, waɗanda matuƙansu ke kiransa Lily, sun fi shi gudu, suka riƙa kakkaɓo shi. Aka fito da Ki-48-II mai injin da ya fi ƙarfi da ɗan sulke, gudunsa ya kai kilomita 505 a awa, bam har kilo 800. A ganina an makara. Duk da haka an ƙera kusan 2,000 kafin a daina a 1944, wasu ma aka tura su harin ƙunar baƙin wake.

Ga mai son gwadawa: gilashin hanci shi ne wahalar aikin. A rufe kowace taga da siririn tef kafin fenti, kuma a yi amfani da farin gam, domin gam na roba yana dusashe gilashi. Ciki kuwa a gama fentinsa tukuna, don da zarar an rufe gangar, burushi ba ya sake shiga.