Maruru ya hana ni taka keken ɗinki sati biyu

Ni tela ne a Tudun Wada, ana saura kwana goma sallah ƙarama maruru ya fito min a cinya, daidai ƙafar da nake taka keke. Na je kemis ɗin unguwa, yaron ya ba ni Ampiclox guda shida, na sha kwana biyu zafi ya ɗan lafa sai na bari, kaman yadda dukkanmu muke yi. Kwana huɗu wajen ya yi jawur ya kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi, wallahi ko wando ban iya sawa.

A asibitin Shika likita na dubawa ta ce Malam wannan ya tara mugunya, duk kafson duniya ba zai shiga ciki ya wanke ba, sai an tsaga. Aka tsaga, aka ɗebi mugunyar aka kai lab, aka gwada min suga kuma, don ta ce mai ciwon suga maruru na yawan dawo masa.

Abin da ta min bayani shi ya zauna min a kai. Wai in fata ce kawai ta yi ja ta kumbura ba mugunya, flucloxacillin ko cephalexin sukan isa, sau huɗu a rana, flucloxacillin ma kafin cin abinci. Amma akwai wata ƙwayar cuta, Staph, mai taurin kai da ake kira MRSA, ita duk dangin penisilin irin su Ampiclox ba sa taɓa ta, sai Septrin ko doxycycline ko clindamycin. Su ma kowanne da halinsa. Clindamycin na iya sa gudawa mai tsanani, doxycycline ba a ba mai ciki da ƙananan yara, Septrin kuwa ta tambaye ni ko ya taɓa fesa min ƙuraje, na ce eh ina yaro har leɓena ya ɗaye, nan take ta cire shi.

Sakamako ya fito bayan kwana uku, MRSA ce. Doxycycline 100mg safe da dare, kwana bakwai. Daren farko na haɗiya da ruwa kaɗan na kwanta, ƙirjina ya yi ta ƙuna har asuba, ashe sai da ruwa cikakken kofi kuma ka zauna tukuna.

Ɗinkin sallar mutane dai ƙanena Sani ne ya ƙarasa shi, ni ina zaune gefe ina yanka.