Abin da ƙwaƙwalwa ke yi idan mutum ya yi tagumi

Wani ƙanin mahaifiyata a Jekadafari, nan cikin Gombe, ya shafe kusan shekara guda yana zama a ƙofar gida tun hantsi har la'asar, ya yi tagumi, ba ya zuwa shagonsa, ba ya shiga hirar majalisa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Kawu, a rage tunani," wasu kuma a bayan idonsa su ce son jiki ne. Sai da likita ya ce ciwon damuwa ne na fara tambayar kaina abin da ke gudana a cikin kan mutumin da ake gani kamar ba ya yin komai.

Ashe masana sun daɗe da wannan tambayar. A 1995, Bharat Biswal a Amurka ya kwantar da mutane cikin na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an ba su wani aiki ba, sai ya ga sassan da ke sarrafa motsi a ɓangaren dama da na hagu suna tashi suna sauka tare, sannu a hankali. Na'urar ba tunani take gani ba, sawun iskar oksijin da ke cikin jini take bi, domin duk sashen da ya duƙufa da aiki jini ya fi kwarara gare shi. A 2001 kuma Marcus Raichle ya bayyana wani gungu na sassan ƙwaƙwalwa da ke lafawa idan mutum ya kama aikin da ke bukatar natsuwa, ya kuma farka da zarar an zauna shiru, kuma wannan gungu shi ne aka danganta da tunanin kai, da tuna abin da ya wuce, da hasashen gobe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken Michael Greicius na jami'ar Stanford a 2007, wanda ya nuna cewa a wurin masu ciwon damuwa wani ɗan sashe da ke can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa, mai hannu a sha'anin baƙin ciki, ya fi ɗauruwa da wannan gungu fiye da yadda yake a wurin masu lafiya. Masana da dama suna ganin nan ne tushen saƙa da warwarar da ba ta ƙarewa, inda magana ɗaya mai ɗaci take ta komowa. Wato lokacin da muke ganin Kawu yana hutawa, shi lokacin ne ya fi shan wuya.

Sai dai kada kowa ya sayar da gona don neman wannan hoto. Bambancin yana fitowa ne idan an kwatanta taron marasa lafiya da taron masu lafiya, amma hoton mutum ɗaya bai isa a yanke hukunci a kansa ba, kuma ɗan motsa kai ma yana iya ɓata shi. A 2017 wani bincike a kan mutane fiye da 1,000 ya raba ciwon gida huɗu, amma da wasu masana a ƙasar Holan suka sake gwadawa a 2019, rabon bai tabbata ba. Har yanzu da tambaya likita ke gane ciwon: barci, cin abinci, gushewar sha'awa, da ko abin ya kai mako biyu.

Kawu ya koma shago bayan watanni yana shan magani. Ranar da na tarar ya sake yin tagumi, nakan roƙe shi ya raka ni Babbar Kasuwa ya taya ni ciniki, domin ya fi ni sanin yadi.